Haƙƙin Yaron da Idonsa Ya Ga Masifa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda ya tashi maraya Allah Ya ba shi makoma, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi masu karanta wannan fili, a wannan mako muna so mu ja hankalinku ga wani haƙƙi da ya hau wuyanmu, wanda galibinmu ba mu lissafa shi cikin haƙƙoƙi. Muna nufin haƙƙin yaron da aka yi ta'asa a gabansa, ko aka yi a kansa, ya tsira da ransa da gaɓoɓinsa, amma zuciyarsa ta samu rauni. Idan irin wannan yaro ya dawo hannunmu, abin da muka saba shi ne mu yi hamdala, mu ba shi abinci da tufafi, mu ce masa ya yi haƙuri, sa'an nan kowa ya koma harkarsa. Abin da muke so mu tabbatar a yau shi ne, wannan rauni na zuciya cuta ce ta haƙiƙa, tana da alamomi, tana da magani, kuma neman maganinta farali ne a kan jama'a.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Tun daga shekarar 2009 fitinar da ta tashi a Maiduguri ta raba mutum fiye da miliyan 2 da gidajensu a Arewa maso Gabas, kuma yara su ne kaso mafi yawa a cikinsu. A watan Afrilu na 2014 aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, a watan Fabrairu na 2018 kuma aka kwashe 110 daga Dapchi. Daga baya masifar ta ɓullo ta yamma. A watan Disamba na 2020 aka kora yara maza fiye da 300 daga makarantar Ƙanƙara zuwa cikin daji, a watan Fabrairu na 2021 aka ɗauke 'yan mata 279 a Jangebe, a ƙarshen watan Mayu na wannan shekarar kuma aka ɗauke yara fiye da 100 daga wata makarantar Islamiyya a Tegina, waɗansunsu ƙanana ainun, suka yi kusan wata uku a hannun waɗanda suka sace su. A watan Maris na 2024 abin ya sake faruwa a Kuriga. Waɗannan su ne waɗanda duniya ta ji labarinsu. Bayansu akwai yaran ƙauyuka masu yawa a Zamfara da Katsina da Sakkwato da Neja, waɗanda aka ƙone garinsu cikin dare, ko aka kashe mahaifinsu a gona suna kallo, ba wanda ya rubuta sunansu a ko'ina. Akwai kuma yaron da bai taɓa ganin ɗan bindiga ba, amma kullum yana ganin mahaifinsa yana dukan mahaifiyarsa. Shi ma yana cikin wannan magana.

To, mene ne yake samun irin wannan yaro? Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Allah Ya halicci ɗan Adam da wani shiri a jikinsa, wanda in ya ga haɗari sai zuciyarsa ta yi ta bugawa, numfashinsa ya yi sauri, jijiyoyinsa su ɗaure, domin ya samu ƙarfin gudu ko na kare kansa. Wannan rahama ce. Amma idan tsoron ya yi tsanani ƙwarai, ko ya daɗe, sai jikin ya kasa komawa yadda yake, ya zama kamar mai gadin da ya ƙi sauka daga bakin ƙofa ko da gari ya waye. Shi ya sa za ka ga yaro ya zabura don an buga ƙyaure, ko ya ɓuya ƙarƙashin gado don ya ji ƙarar babur. Wani yana firgita cikin barci yana ihu. Wani da ya daɗe da daina fitsarin kwance sai ya koma yi. Wani ya manne wa uwarsa ba ya yarda ta ɗaga ko nan da ƙofar gida. Wani ya yi shiru, ya daina wasa, ya daina cin abinci sosai. Wani kuwa ya zama mafaɗaci, daga an taɓa shi sai dambe. Wani yana kukan ciwon ciki ko ciwon kai, a auna shi a asibiti ba a ga kome ba. A makaranta kuma allon da yake wankewa cikin kwana biyu sai ya yi mako bai riƙe ba, domin hankalinsa yana can wurin da abin ya faru.

Kuskurenmu yana cikin sunan da muke ba waɗannan alamomi. Mai fitsarin kwance mu ce ƙazami ne, mai shiru mu ce miskili ne, mai faɗa mu ce ya lalace, wanda ya kasa karatu mu ce daƙiƙi ne, mai firgita cikin dare mu ce iska ce ta shafe shi. Kowane suna kuwa yana jawo nasa hukunci, yawanci bulala. Ta haka sai mu ƙara wa mai tsoro tsoro, mu tabbatar masa da abin da zuciyarsa take raya masa, watau babu wurin aminci a duniya, har cikin gidansu. Ba mu manta ba, a watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fitar da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, yara da yawa a cikinsu, waɗansu da mari a ƙafa da tabon duka a baya. Da yawa iyayensu ne suka kai su da hannunsu, da niyyar a gyara musu hali.

Waɗansu daga cikinmu suna zaton maganar ciwon zuciya baƙon abu ne da aka shigo mana da shi daga Turai, kuma wai mai imani ba ya kamuwa da shi. Wannan zato ba shi da tushe a addini. Alƙur'ani mai girma ya ba mu labarin Annabi Yaƙuba, amincin Allah ya tabbata a gare shi, yadda baƙin cikin rabuwa da ɗansa Yusufu ya kai har ganinsa ya tafi, kuma ba wanda ya isa ya ce imaninsa ya raunana. Shugabanmu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Idan Annabawa sun ɗanɗani baƙin ciki har ya bayyana a jikinsu, ina ga yaro ɗan shekara bakwai da aka yanka mahaifinsa a gabansa?

Malamanmu na farko ma ba su yi sakaci da wannan fanni ba. Abu Zaidin al-Balkhi, wanda ya rasu a shekara ta 322 bayan Hijira, watau 934 ta Miladiyya, ya wallafa littafi mai suna Masalihul Abdani wal Anfus, ya kasa shi biyu, rabi a kan lafiyar jiki, rabi a kan lafiyar rai. A rabin na biyu ya yi magana a kan fushi, da tsoro da firgici, da baƙin ciki, da waswasi, ya nuna cewa jiki da rai a haɗe suke, in ɗaya ya yi ciwo ɗayan ma sai ya ji. Ya bayyana cewa ana jinyar rai ta hanya biyu: daga ciki, ta tunani mai kyau da mutum yake tanada tun yana lafiya, da kuma daga waje, ta maganar wani mai hikima wanda majinyacin ya amince da shi. A birnin Alƙahira kuma, asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a shekarar 1284 yana da sashe na masu ciwon hankali, kuma da dukiyar waƙafi ake gudanar da shi. Saboda haka abin da likitoci suke kira jinya ta hanyar zantawa, gadonmu ne da muka bari.

Mafi girman abin koyi kuwa shi ne abin da Manzon Allah ya yi wa 'ya'yan Ja'afaru ɗan Abu Ɗalibi. A shekara ta 8 bayan Hijira aka yi yaƙin Mu'uta, inda Zaidu ɗan Harisa da Ja'afaru da Abdullahi ɗan Rawaha suka yi shahada, Allah Ya yarda da su. Da labari ya tabbata, Manzon Allah ya tafi da kansa gidan Asma'u 'yar Umaisu, matar Ja'afaru, ya sa aka kawo masa yaran, ya rungume su yana sunsunar su, idanunsa suna zubar da hawaye. Sa'an nan ya umarci iyalinsa su dafa wa gidan abinci, domin abin da ya same su ya shagaltar da su. Ya bar su kwana uku, sa'an nan ya dawo, ya kira yaran da sunan 'ya'yan ɗan'uwansa, ya sa aka kira wanzami ya yi musu aski. Ya kama hannun Abdullahi ɗan Ja'afaru ya ɗaga, ya roƙi Allah Ya sa albarka a cinikinsa. Da uwarsu ta kawo kukan maraicinsu, sai ya kwantar mata da hankali cewa shi ne majiɓincinsu.

Ku duba wannan ƙissa da kyau, ya 'yan'uwa. Ya je da ƙafarsa, bai aika ba. Ya taɓa yaran da hannunsa, bai ɓoye hawayensa ba, bai kuma tsawata musu don sun yi kuka ba. Ya ɗauke wa gidan nauyin abinci. Ya ba baƙin ciki lokacinsa, sa'an nan ya mayar da yaran ga tsabta da tsarin rayuwa. Ya ba su dangi da za su jingina da shi, ya buɗe musu ƙofar gobe da addu'ar sana'a, kuma ya ƙarfafa uwarsu, domin ya san hankalin yaro ba ya kwanciya muddin na uwarsa a tashe yake. Abin mamaki, masana na wannan zamani, bayan dogon bincike, a nan suka tsaya: babu abin da ya fi taimakon yaron da ya ga masifa kamar ya samu babban mutum guda, mai tausayi, wanda ba ya gushewa daga gare shi, tare da komawa ga abin da ya saba na barci da abinci da makaranta da wasa.

Shari'a ta kuma nuna mana wanda ya fi cancanta da riƙon irin wannan yaro. A Umratul Ƙada, shekara ta 7, 'yar Sayyidina Hamza, wanda ya yi shahada a Uhudu, ta biyo Manzon Allah, sai Aliyu da Ja'afaru da Zaidu kowa ya nemi riƙonta. Manzon Allah ya hukunta wa Ja'afaru, domin matarsa 'yar'uwar mahaifiyar yarinyar ce. A kan irin wannan malaman Malikiyya suka gina jerin masu haƙƙin reno, suka fara da uwa, sa'an nan kaka ta wajen uwa, sa'an nan 'yar'uwar uwa. Saboda haka rarraba marayu kamar yadda ake raba kayan gado, wannan a kai shi Kano, wancan Gusau, a raba wa da ƙane a lokacin da ba su da kowa sai juna, ƙarin rauni ne a kan rauni. A bar yaro kusa da fuskar da ya sani gwargwadon iko.

To, me ya kamata mai riƙon yaro ya yi a gida? Na farko, ya tabbatar masa da aminci da baki da aiki, ya daina dukansa a kan abin da ba da gangan yake yi ba. Na biyu, ya saurare shi in ya so magana, kada kuma ya tilasta shi in bai so ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan a zaunar da wanda masifa ta sama a matsa masa ya kwashe labarin duka a zama ɗaya, domin hakan ba ya warkarwa, yana iya ma tsananta ciwon. Wannan ya shafi al'adarmu ta 'yan jaje, inda kowane baƙo ya shigo sai an kira yaro ya sake ba da labari daga farko. Na uku, a gaya masa gaskiya gwargwadon hankalinsa. Kada a ce masa mahaifinsa ya yi tafiya alhali ya rasu, domin ranar da ya gane, ya daina yarda da kowa. A kuma faɗa masa a fili cewa ba laifinsa ba ne, domin yara da yawa suna ɗora wa kansu alhakin abin da ya faru. Na huɗu, a zauna da shi lokacin kwanciya, a karanta masa Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, a tofa a hannu a shafe masa jiki kamar yadda Sunna ta koyar, a bar masa fitila in yana tsoron duhu. Na biyar, kada a sayo masa ƙwayar barci a kemis ba da umarnin likita ba, domin ta nan ne matasa da yawa suka faɗa shaye-shaye.

Yawancin yara, in sun samu wannan kulawa, suna samun sauƙi a hankali da izinin Allah. Amma idan aka wuce wata guda alamomin ba su ragu ba, ko suna ƙaruwa, ko sun hana yaro karatu da barci da cuɗanya da mutane, to lokacin neman masani ya yi. Idan kuwa yaro ya fara ambaton mutuwa yana fatarta, ko yana raunata kansa, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira. Addu'a da ruƙiyya ta Shari'a ba su hana zuwa asibiti, kamar yadda ba su hana a ɗaure karaya. Abin da Shari'a ba ta yarda da shi ba shi ne duka da ɗauri da turara wa yaro barkono da sunan fitar da aljani.

Masu wannan aiki suna nan, ko da yake sun yi kaɗan ƙwarai. Akwai asibitocin Gwamnatin Tarayya na ciwon ƙwaƙwalwa a Maiduguri da Kaduna da Kware ta Sakkwato, akwai na Dawanau a Kano. Aikinsu da yaro yawanci zama ne da hira da zane da wasa, tare da mai riƙonsa, a koya masa yadda zai kwantar da numfashinsa in tsoro ya taso, a bi da shi sannu a hankali har ya iya tuna abin da ya faru ba tare da jikinsa ya ɗauki rawa ba. A Maiduguri, lauya Zanna Mustafa ya buɗe makarantar marayu a 2007 da yara 36, da fitina ta tashi kuma ya riƙa karɓar 'ya'yan waɗanda aka kashe daga kowane ɓangare, suna zama aji ɗaya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo ta Nansen a 2017. Gidauniyar Neem, wadda Dakta Fatima Akilu ta kafa, ta fito da tsarin kai masu ba da shawara har cikin unguwanni a Borno, maimakon jiran mutane su zo. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tun 2008 ta fito da shirin koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane irin waɗannan cututtuka. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Amma likitocin wannan fanni 'yan ɗaruruwa ne kawai, a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, yawancinsu kuma a manyan birane suke.

A nan ne magana ta zo kanku, ya ku attajirai da ma'aikatan Gwamnati. Imamu Gazali ya lissafa ilmin likitanci cikin farillan kifaya, watau abin da in waɗansu suka tsaya da shi ya faɗi a kan saura, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. Malaman fiƙihu sun ce ɗaukar jaririn da aka tsinta a hanya ma haka hukuncinsa yake. To, garin da yake cike da yaran da suka ga kisa, babu ko mutum ɗaya da ya koyi jinyarsu, mutanensa ba su sauke farali ba.

Kai ɗan kasuwa, ka saba raba shinkafa da atamfa da azumi, Allah Ya karɓa. Amma shinkafa takan ƙare a mako, tsoron kuwa yana nan. Kana iya ɗaukar nauyin karatun saurayi ko budurwa guda daga garinku a fannin jinyar ƙwaƙwalwa, da sharaɗin su dawo su yi wa garin aiki. Kana iya biyan kuɗin mota da na magani ga uwar da aka ce ta kai ɗanta Kware ko Dawanau ba ta da hali. Kana iya yin waƙafin hayar rumfa ɗaya, ta hannun amintattu ko hukumomin zakka da waƙafi irin na Kano da Sakkwato da Zamfara, a riƙa biyan albashin mai ba da shawara a makarantar marayu. Kana iya jawo maraya rumfarka ka koya masa ciniki, ka yi haƙuri da shi ranar da ya wayi gari ba ya son magana.

Kai kuma ma'aikaci, takardar da take kwance a teburinka rai ce. Idan kana Ma'aikatar Ilmi, ka tsaya a koya wa malaman firamare da na Islamiyya gane waɗannan alamomi, kuma kada a kori yaron da ya yi gudun hijira don ba shi da takardar shaida. Idan kana Ma'aikatar Lafiya, ka tsaya a horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci. Idan kana cikin masu karɓar yaran da aka sako, ka ji tsoron Allah, kada ka jera su gaban masu ɗaukar hoto suna cikin gajiya da ɗimuwa kafin su ga iyayensu. Kuɗin da aka ware musu kuwa dukiyar marayu ce, kuma kun san abin da Suratun Nisa'i ta yi wa mai cin ta alkawari.

Saura magana ɗaya da ta shafi kowa, ita ce harshe. Yarinyar da ta dawo daga hannun waɗanda suka sace ta, wani lokaci da goyo, da yaron da aka tilasta wa ɗaukar bindiga, suna dawowa su tarar da wata azaba a unguwa: nuni da baki, da sunan banza, da hana 'ya'ya wasa da su. Ku sani Shari'a ba ta kama wanda aka tilasta, ba ta hukunta wanda bai balaga ba hukuncin baligi, kuma jariri ba ya ɗaukar zunubin wanda ya haife shi. Sirrinsu amana ne, yaɗa hotunansu da labarinsu a wayoyi cin naman ɗan'uwa ne. Muna kira ga limamai su faɗi wannan a kan mumbari, domin abin da liman ya faɗa ranar Jumma'a ya fi saurin shiga gida. Ɗa na kowa ne, kuma yaron da jama'a ta ƙi karɓa, akwai waɗanda suke jiransa a daji da hannu biyu.

Allah Ya kawo mana ƙarshen waɗannan fitinu, Ya ji ƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar da waɗanda suke tsare ga iyayensu lafiya, Ya sanyaya zukatan yaranmu, Ya ba mu ikon sauke haƙƙinsu kafin ranar da za a tambaye mu.